Kunnen Mai Sayen Ƙarfe

Ni ba na ƙira, ba na walda,
kayan aikina biro ne da takarda
da wata waya mai tsagaggiyar fuska.
Amma duk takalmin birkin da ya fita
daga rumfarmu ta bayan Ƙofar Ƙaura,
ni na zaɓo ƙarfen bayansa,
ni na ce a sauke, ni na sa hannu.

Mu goma sha tara ke ci a nan.
Rabe na kan injin matsi,
Murja na awo, idonta kamar tsinin allura,
ni kuwa nawa shi ne kada Litinin ta waye
ta tarar da sito yana hamma.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
tun damina nake cinikin rani.

Shekara tara Alhaji Bara'u na kawo mana faranti.
Ga tsada, ga jinkiri,
ga shi daga azahar zuwa la'asar ba ya ɗaga waya.
Amma ƙwanƙwasa ƙarfensa da sifana ka ji:
sai ya amsa kamar sabuwar tasa,
ƙarar ta daɗe tana zagaya rumfa.

Bana dala ta hau, ta ƙi saukowa.
Sai ga wani yaro, Mannir, da mota mai sanyi,
ya ce ragin kashi ɗaya cikin huɗu,
a biya bayan wata biyu, ba gaggawa.
Ya aje mini katan ɗin lemo,
ya manta da ambulan a ƙarƙashin littafin lissafi.
Maigida ya leƙo ya ce: Ilu, me kake jira?
Albashi fa ba da sauti ake biyansa ba.

Na kwana da guntun samfur a aljihu.
Da asuba na buga shi.
Ya ce ƙwal, ya yi gum,
kamar wanda aka tambayi asalinsa.
Murja ta sa ma'auni:
bakin nan kauri, bakin can rama.
Rabe ya lanƙwasa shi sau ɗaya tak,
sai ga tsaga, silin gashi, tana dariya.

Na tuna motar Jibiya ranar kasuwa,
mutum goma sha takwas da buhunan albasa,
akuya a but, jariri a cinya,
ga saniya ta faɗo titi daga gona.
Ƙafar direban nan ba ta san sunana ba,
amma ni take takawa.

Na mai da ambulan.
Lemo kam yara sun riga sun shanye,
na biya kuɗinsa, na karɓi rasit.
Na ce Mannir, ba korar ka nake ba,
koma ka sake nema, kawo wanda ke magana.

Sannan na tafi wurin Alhaji Bara'u,
na cire takalmi, na zauna a tabarma.
Na ce rijiya ɗaya ba ta shayar da gari,
ranar da gugarka ta tsinke, mu ina za mu?
Zan raba ciniki, kashi biyu naka,
ɗaya na wata Hajiya Turai ta Funtuwa
da na watanni ina sauraren kayanta.
Ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce yaron nan, ka koyi wayo.
Ya rage kaɗan, ƙasa da yadda na so,
ya yarda da kawowa duk mako biyu.

Maigida har yau yana lissafa ragin da na ƙi,
wani lokaci a gabana, da ƙarfi.
Ba na cewa komai.
In an tashi aiki nakan tsaya bakin titi,
in jira wata mota ta zo a guje,
ta ga mai baro, ta rage,
ta tsaya.