Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ofishin tashar jiragen ruwa, Karachi.
Dutsensa ya yi rawaya kamar haƙorin tsoho,
ya lanƙwashe a bakin titi yana harar teku
kamar mai bin bashi.

Na hau bene. Fanka na juyi da ƙyar.
Baba Sawan, mai tsaron takardu,
ya hure ƙurar kundin shekarar annoba.
"Wa kike nema?"
"Khamiso ɗan Mithal. Kakan babana. Ɗan dako."
Ya yi dariyar da ba ta da sauti.
"'Yan dako ba su da shafi, ɗiyata.
Layi gare su."

Ga hannun akawu, tawada ta koma ruwan shayi:
alkama, buhu dubu huɗu;
auduga, dila ɗari tara; fatu; ƙashin shanu.
Kowane buhu da nauyinsa, da tambarinsa,
da sunan jirgin da ya haɗiye shi.
An rubuta ɓarnar ɓera.
An rubuta kuɗin naman karen Baturen awo,
har da sunan karen.

Can ƙasa, inda danshi ya gatsi gefen takarda:
lamba ɗari biyu da sha bakwai,
ladan yini anini huɗu,
an zabtare ɗaya, makara.
Sai dangwale.

Babban yatsa, baƙi ƙirin, da tsagi a tsakiya.
Igiya ce ta tsaga shi, in ji kakata,
ranar da ƙugiya ta kuɓuce a Kemari
ya tare dila da hannu
don kada ta faɗa kan yaron da ke ƙasa.
Kundi bai san da yaron ba.
Dilar dai ta isa lafiya, ga shi an sa alama.

Na ɗora yatsana a kai.
Nasa ya fi faɗi. Na nutse ciki.

Ta taga ina hango hasumiyar agogo
da aka gina don tunawa da wani Bature.
Sun kwashe alkama, sun bar mana agogo,
shi ne kuwa ya ci aninin Khamiso,
har yau bai ƙoshi ba.

"Ƙarfe huɗu muke rufewa," in ji Baba Sawan.

Na sauko. Amalanken raƙumi ya gifta da buhunan siminti,
iskar gishiri na lasar bango.
Ƙurar kundi ta manne mini a yatsa.
Ban wanke ba har Lyari,
sai da na dangwala ta a tafin babana.