Ɗan Rakiyar Motoci

Sha biyu na ƙirga a kan tarago huɗu,
kowacce da ledarta a kujera,
ba mai rai da ya taɓa zama ciki.
Aka ce, Gidaɗo, amanarka ce har Gombe,
ni da ko keken kirki ba ni da shi, balle mota.

Kayan aikina ba yawa:
tocila, littafi, biro mai yoyo,
bokiti biyu na yashi,
da jar tukunyar kashe gobara
wadda tun bara ba wanda ya duba ta.

Mutane na cewa ƙarfe ba ya ci.
Su zo su tambaye ni.
Akwai ɗan fetur a kowane tanki, na hawa da sauka,
akwai batir da aka manta ba a cire masa kai ba,
ga soso, ga roba, ga fenti,
duka tuwo ne a bakin wuta.

Tun daga Bauchi, duk inda muka tsaya sai na sauka
in ɗora bayan hannu a boris ɗin kowace ƙafa
kamar uwa mai jin goshin ɗanta.

Yaran bakin layi suna da duwatsu.
Ba mugunta ba ce, gilashi ne ke ƙyalli yana kiran su.
Na ɗaga musu sanda, suka ɗaga mini hannu,
wani ya jefa, ya kuskure gilashi, ya fasa mini buta.

Sai dare, ana hango fitilun Gombe can nesa,
na ji ƙauri.
Na ce ko wani ke gasa masara a gona.
Ƙarfe ɗayan dare, wa ke gasa masara?
Na leƙa ƙasa,
ƙafar tarago na uku ta yi ja kamar gauta.

Giris ya narke yana ɗiga,
ciyawar layi ta kama, harshen ya lashi tamfol.
Na kaɗa jar fitila, na kaɗa, na yi ihu iska ta kwashe,
har Allah Ya sa Baba Yila ya waiwayo daga kan inji.
Ya ja birki, ƙarfe ya yi kuka, tartsatsi ya tashi,
sarƙa guda ta tsinke,
farar ta zabura kamar rago ta tunkuyi 'yar'uwarta.

Tukunyar nan ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.
Na juye yashi, yashi ya ƙare,
na tuɓe rigar sanyi na yi ta bugu.
Wasu mata daga ruga, ban san sunan ko ɗaya ba,
suka zo a guje da ƙorai,
suka watsa ruwan da suka ajiye don safe,
wata har da kindirmon kasuwarta.

Sai da ta mutu na ji hannuna.
Tafin dama ya saluɓe, ba fata.

Da safe a tasha, yaron Alhaji Babayo ya zo
da tabarau da farin hankici.
Ya zaga sha biyun, ya durƙusa, ya shafa,
ya ce bamba ta lotsa, fenti ya yi bororo,
ga warin hayaƙi, wa zai yarda sabuwa ce?
Bai dubi tsumman da ke hannuna ba.
Ya ce sa hannu a nan. Na sa da hagu,
sunana ya fito a karkace, ni ma da ƙyar na karanta.

Na hau acaɓa zuwa Bolari.
Autana Hammayo ya tare ni a zaure,
ya ce, Baba, a cikinsu wacce ce tamu?
Na ce kawo mini ruwa tukuna, in huta.

Jibi akwai wasu takwas.
Na kai tukunyar ofis a cika mini,
an ce sai an rubuta.