Kalmomin Da Na Tura Ƙarƙashin Gado

A gidanmu na Arbroath, bayan tashar jiragen masunta,
inda hayaƙin banda ke shiga har cikin labule,
akwai kalmomin da na daina furtawa.
"Tashi." "Zo." "Sa takalmi." "Yi maza."
Na naɗe su kamar kayan da suka yi wa yaro kaɗan,
na tura ƙarƙashin gado.

Struan, shekara tara.
Bakina ya gaji da cewa ba taurin kai ba ne.
Mai taurin kai yana jin daɗin ƙin da ya yi.
Shi kuwa, ka ce "yi", sai ya ƙame,
kamar an kulle ɗaki da shi a ciki an zare makulli.
Har abin da ransa ke so.
Daren Juma'a ya kwana yana zancen jirgin ceto,
da safe na ce, "To, mu tafi."
Shi ke nan, na ɓata rawata da tsalle.
Ya shige ƙarƙashin tebur yana kuka,
wai ƙafafunsa sun mutu,
jirgin kuwa ga shi can, tafiyar minti biyar.

Makaranta ta yi iya yinta, ban ce ba ta yi ba.
Malama Ogilvie ta zana masa allon taurari,
ɗaya in ya zauna, biyu in ya rubuta.
Ya riƙa kallonsu kamar mai kallon takardar bashi.
Wata safiyar Nuwamba a ƙofar makaranta,
ina ɓamɓare yatsunsa daga kujerar mota ɗaya bayan ɗaya,
na ga hannuna kamar na wata baƙuwa.
Na rufe ƙofar. Muka juya.
Na ajiye aikina na kantin magani a satin.

Yanzu ajinmu ba shi da ƙararrawa.
Butar shayi nake yi wa magana:
"Oho, ko yaya kifi uku za su ishi mutum huɗu?"
Ba na waiwaye. Ina goge abin da na riga na goge.
Can, daga bayan kujera:
"Ki yanka kowanne gida huɗu. Kowa ya ɗau uku."
Na ciji leɓe.
Yabo ma umarni ne a kunnensa,
"madalla" na nufin gobe ma sai ka yi.
Na taɓa cewa ya yi ƙoƙari, ya yayyaga takardar.
Don haka nake haɗiye murna da zafinta.

Mahaifiyata ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce, Mama, na gwada.
Ni ce na ji ƙarar da ya yi.

Kada in yi ƙarya, akwai ranakun da babu komai.
Haƙora ba wanki, riga ɗaya kwana huɗu,
ni a kan matakala ƙarfe biyun dare
ina haɗa shekarunsa da nawa, ina ɗebewa.
Takardar hukuma na tambaya me ya koya a bana,
ta bar mini layi uku.

Jiya na manta ɗan littafin lokutan cikar teku
a kan matakala ta huɗu, da gangan.
Ya tsallake shi sau shida, na ƙirga.
Yau da azahar na ji yana gaya wa kyanwa,
kyanwa fa, ba ni ba,
cewa ruwa zai janye ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu,
kuma ƙaguwa na fitowa a duwatsun gabas.

Na ɗauki kwat ɗina a hankali,
kamar mai gudun kada tsuntsu ya tashi.
Na ce wa ƙofa, "Ni dai zan ɗan taka."
Na bar ta a buɗe, sanyi na shiga gida.
Ban juya ba.
A bayana, ƙarar takalmi ɗaya.
Ɗayar ƙafar safa ce kawai,
kuma ban ce komai ba.