Allon Bolari, Yammacin Lahadi

Bayan la'asar na jingine kekena
a katangar firamaren Bolari,
na ciro alli, ya karye biyu a aljihu,
na goge makon jiya da gefen riga.
Ni ne magatakardan 'yan kurket,
ba don na fi kowa lissafi ba,
gwiwata ce ta daina jin magana.

Manya tukuna, haka aka saba.
Sun tafi Kaltungo da fararen kaya,
sun dawo da jar ƙasa har cikin kunne.
Ɗari da sha ɗaya ake nema,
suka tsaya a ɗari da takwas.
Uku kacal,
amma ukun nan sun hana Gidado cin tuwo.
Ya ce rana ce ta shige masa ido.
Yila, da ke tsaye a ɗaya gefen, ya ce
ai lokacin rana ta faɗa bayan dutse,
ƙwallon ne ya zo a karkace kamar zancen dillali,
ya kauce wa katako, ya watsa turaku.
Na rubuta: an cinye mu.
Alli ba ya ɗaukar uzuri.

Rukuni na biyu ba su ga fili ba.
Motar hayarsu ta kai Kumo,
ta yi tari biyu, ta yi shiru.
Ƙarti sha ɗaya suka tura ta har wurin bakanike,
suka ci gyaɗa, suka dawo da magariba.
Bappayo ya ce in sa musu kunnen doki,
tunda tsakaninsu da motar ba wanda ya ka da wani.
Na bar gurbinsu fari.

'Yan matanmu kuwa, a nan gida,
katako biyu, ɗaya ɗaure da robar taya,
safar hannu guda ana karɓa-karɓa.
Rifkatu ta yi jifa shida, ta sallami uku,
ko murmushi ba ta yi ba.
Sai Dija, mai taya uwarta suyar awara a bakin tasha,
ta tare wani jifa da dukan kafaɗarta,
ƙwallo ya haye katanga, ya haye dalbejiya,
ya faɗa kwarin da ruwa ya ci bara.
Rabin sa'a wasa na tsaye,
baƙi da 'yan gida duk an duƙa cikin ciyawa,
don shi kaɗai gare mu.
Wani ɗan tallan rake ya tsinto shi,
ya ce sai an ba shi tukuici.
Sun ka da Billiri da ashirin da biyu.
Na rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe
har allin ya koma kamar ƙwayar masara.

Saura yara.
Ashirin da tara duka-duka,
sha ɗaya a ciki ma kyautar majefin Dukku ce,
mai jifa kamar yana korar tsuntsu a gona.
Jikana Hammadu ya shiga na huɗu,
hular kwano ta rufe masa gira,
jifa ɗaya, ya juyo yana jan katako a ƙasa.

Ga shi nan bayana yanzu, ya riƙe sirdin keke.
Ya ce, Kaka, tsallake ni mana,
wa zai sani?
Na ce ni.
Na zana sifilin ƙarami, kamar ƙwan tsaka,
can ƙurya, inda fentin allo ya ɓare.
Ban gaya masa nawa sifilin ba,
guda uku a jere, shekarar da aka haifi ubansa.

Mai shayi ya leƙo daga tsallaken titi:
Malam Barkindo, yau wa ya ci?
Na ce mata.
Ya ce ko a gida ma haka ne.

Hadari na haɗuwa ta wajen Dadin Kowa.
Kafin Laraba ruwa zai wanke allon tas.
Hammadu ya tambaya ko Alhamis akwai atisaye,
na ce akwai, hau mu tafi.