Kwas Mai Maki Biyu

Lawandi ne ya ce in ɗauka.
Ya ce, "Kwas ne na shan iska,
ba lissafi, ba ɗakin gwaji,
ka sa hannu a takardar halarta kawai
ya tallafo maka abin da kemistiri ya kayar."
Na ɗauka, kamar mai tsintar goro a hanya.

Laraba, ƙarfe biyu,
rana na dafa kwanon aji,
fanka ɗaya na juyi kamar an yi mata dole.
Dakta Saude Rimaye ta shigo ba littafi,
sai alli da gorar ruwa.
Ta ce, "Kai mai shuɗiyar hula, tashi.
Faɗa mana abin da ka iya."

Na tashi. Bakina bai tashi ba.
A gidanmu yabon kai jahilci ne,
kuma yaron kirki ƙasa yake kallo
in babba na magana.
Shekara ashirin da biyu ina koyon sunkuyawa,
ga mace da alli tana cewa, "Ɗago.
Tabarma ba ta ɗaukar ma'aikata."

Mako na uku ta ce mu bi sawun kuɗinmu,
kowace naira, kwana bakwai.
Adaidaita daga Ƙofar Ƙaura zuwa jami'a,
awarar bakin get, hoton takardu,
rancen Lawandi da ba ya san hanyar gida.
Da na tara, sai na ga data
ta fi ni cin abinci.
Na ninke takardar, na ji kunyar wayata.

Sai takardar neman aiki.
Suna, na cika. Makarantu, na jera.
Wurin ƙwarewa ya tsaya fari fat
kamar kwanon da almuru ya riske shi ba a ɗora tukunya ba.

Na kai ta shago, Ƙofar Guga,
inda Baba ke farke cikin keken ɗinki,
mai a yatsunsa, ƙusa a leɓe.
Ya ce in karanta mashi. Na karanta har farin wurin.
Ya cire ƙusar.
"Wa ke riƙe littafin bashin teloli
tun kana aji uku?
Wa ya san kan keken da ke ciwo
daga jin kukansa?
Wa ya raba ni da Ɗanbaba ranar da muka kusa dambe
kan bel ɗin naira ɗari biyu?"
Na ce, "Baba, ai wannan taimako ne."
Ya ce, "Aiki ne. Biya ne ban yi ba."
Ya mayar da ƙusar, ya ci gaba.

Ranar gwajin ganawa na ari kwat,
hannunta ya wuce nawa.
Dakta ta zauna bayan tebur, ta zama baƙuwa.
Na dube ta numfashi uku cur,
a na huɗu idona ya gudu gida.
Amma na faɗi littafin bashi,
na faɗi kukan keke,
muryata na rawa kamar zare a bakin allura,
ta dai shiga.

Sakamako ya fito. Matsakaici.
Lawandi, da bai zo sau biyar ba, ya fi ni.
Kemistiri na nan kwance inda na bar shi.

Asabar ɗin nan Ɗanbaba ya zo karɓar kekensa,
ya ce, kamar kullum, a rubuta.
Na buɗe littafin, na juya mashi shafin,
wata bakwai a jere.
Na ɗago.
Ban ɗaga murya ba, ido kawai.
Ya yi tari, ya laluba aljihu,
ya ajiye rabi a kan benci.

Baba bai ce komai ba.
Shi ne ya sunkuyar da kai wannan karon,
kafaɗunsa na motsi,
yana zuba mai a inda ya riga ya zuba.