Gado na Huɗu da na Biyar

Dare ya tsala a asibitin Can Tho,
ni ce mai tsaron ɗakin da ba a barci.
Na ɗaga fatar idon Tien, na haska tocila,
ƙwayar ta tsuke, ta guje wa haske.
Na rubuta: tana amsawa.

Shekararsa ashirin da uku.
Babur ya watsar da shi a gindin gada,
hular kwano ta tsage biyu, ta shanye rabin bugun.
Cikin minti arba'in aka kawo shi,
aka zura bututu tun numfashi bai yanke ba.
Likita ya buɗe ƙoƙon kai, ya kwashe gudan jini
tun asuba ba ta yi ba.

Gado na biyar, tsoho Khiem.
Daga tsani ya faɗo, yana tsinkar mangwaro.
Ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe wando,
ya ce ba komai, har ya ci shinkafa.
Ba wanda ya tuna da ƙwayar zuciya
da yake haɗiya kullum, mai tsinka jini.
Jinin ya yi ta ɗiga a ciki, shiru,
kamar rufin da ke yoyo a ɗakin da ba kowa.
Sai da yamma harshensa ya karye.
Kwalekwale, jiran jirgin fito, sannan mota:
awa bakwai.
Sau biyu bugun jininsa ya faɗi a hanya.
Idonsa na hagu ya buɗe wa haskena ƙofa, ya ƙi rufewa.

'Yarsa Diem ta tare ni a bakin famfo:
"Tsufa ne, ko ƙwayar, ko kogin?"
Na rasa yadda zan raba mata su.
Na taɓa ganin yaro da komai ya zo masa daidai, bai farka ba,
na ga 'yar saba'in ta fita tana faɗa da jikanta.
Lissafinmu yana faɗin inda ruwa ya saba bi ne kawai.

Na ɗaga kan gadon tsohon, na juya shi,
na sa tsumma mai sanyi, zazzaɓi kada ya ƙara masa kaya.

Wajen ƙarfe biyar na ce wa Tien, "Matse hannuna."
Yatsu biyu suka motsa.
Uwarsa ta toshe baki, don kada kukan murna
ya tsallaka labule.

A ƙarƙashin kujerar Diem akwai leda,
mangwaron jiya, guda shida.
Duk ɗakin ƙamshinsu yake.