Ƙidaya a Ɗakin Gwaji

Bayan azahar aka kawo shi a kwalba,
guntun hanji, ko ɗan yatsa bai kai ba.
A jikin kwalbar: Mudi Gwammaja, hamsin da bakwai.
Na ajiye biro. Na san sunan.

Shi ne mai fotokwafi a bakin Kabuga
sa'ad da nake ɗaliba, jaka ba nauyi.
Ya lashi yatsa, ya ƙirga shafi,
ya ce, "Likita, kya kawo in kin samu,"
tun ban san gindin allura ba.

Yau ni ke ƙirga nasa.

Na yanka siriri, ya fi ɓawon albasa,
na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga rini.
Ƙwayar da ke hutawa shuɗi take sha,
mai shirin rabuwa biyu
sai ta fito ruwan goro.
Cikin ɗari, sittin da takwas sun ci goro.
Na koma gefe na sake, ko idona ne.
Saba'in.
Kantin Kwari ana jibi salla,
ba masaka tsinke.

Kowace ƙwaya da kundinta na gado,
juzu'i arba'in da shida, ba daɗi ba ragi.
Kafin ta rabu sai ta kwafe shi tsaf,
ta damƙa wa 'yarta.
Naka, Malam Mudi, injin ya birkice:
wata ta kwashi sittin, wata tamanin,
shafi kan shafi, wani a kife,
babu mai lasar yatsa ya duba.

Aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari, ya kama.

Sagiru, ɗansa, ya tare ni a baranda,
tawadar inji har cikin farcensa.
"An ce sankara ce. Nawa ya rage?"
Na ce hadari na gani, ya haɗu ta gabas,
ban ga saukar ruwa ba.
Na ga mai tamanin yana cefane a Rimi,
na ga mai goma an kai shi.
Adadin na faɗa mana mu yi sauri ne,
ba ya rubuta rana.

Na dawo na buga sakamako, kwafi biyu.
Injin ofis ya fitar da su a karkace.
Na yage, na sake,
na lashi yatsa, na ƙirga.

Har yau naira ɗari da ashirin yake bi na.